Me Ya Sa Muryar Na'ura Ke Kwaɓa Sunanka, Kuma Ina Iyakar Gyaran Da Za Ka Iya Yi Mata?

Tun da muryoyin na'ura suka cika bidiyoyi da littattafan saurare da layukan kula da kwastoma, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa a bakin mutane: wai ya aka yi abin da zai karanta maka shafi guda na Turanci ba gargada, har da ɗan jan numfashi kamar mutum, amma da ya zo kan suna ɗaya tak sai ya yi masa kaca-kaca? Wasu na cewa raini ne kawai, kamfanonin ba su damu da sunan da ba na Turawa ba. Wasu kuma na cewa ai abin da sauƙi, akwai wajen da ake shiga a “koya wa” manhajar yadda ake faɗin kalma, ka koya mata shikenan. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, amma na biyun ya fi yaudarar mutane, don wannan wajen da ake magana ba koyarwa ake yi a cikinsa ba, kuma in ba ka gane abin da yake yi ba sai ka raba dare kana gyaran abin da ba zai taɓa gyaruwa ta nan ba.

Abin da ke faruwa tsakanin rubutu da sauti

Manhajar da ke mayar da rubutu magana ba tsalle ɗaya take yi daga harafi zuwa murya ba. A tsarin da aka daɗe ana bi, aiki uku ne a jere. Na farko ta tsaftace rubutun, wato ta mayar da lambobi da kwanan wata da gajerun kalmomi zuwa cikakkun kalmomi, 25 ya koma kalma, Dr. ya koma dakta. Na biyu ta ɗauki kowace kalma ta nemo jerin sautukan da ke cikinta. Na uku ne take ƙera muryar da kunnenka ke ji.

Kusan duk rigimar suna a mataki na biyu take. A nan manhajar na fara leƙa ƙamus ɗin da aka gina ta da shi, in ta sami kalmar ta ɗauki furucin da aka rubuta mata, in ba ta samu ba sai ta yi canke da ƙa'idojin harshen muryar. Sanannen ƙamus na irin wannan aiki shi ne CMUdict na Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, yana da kalmomi sama da 134,000 kuma duk da sautuka 39 na Turancin Amurka aka rubuta su. Adadin kamar da yawa, amma sunayen mutane da na wurare da na magunguna da na kamfanoni a duniya sun ninka haka ba adadi, kullum kuma ana ƙirƙiro sababbi.

To ka ga kuskure iri biyu ke nan. Akwai na canke, kamar a ba muryar Turanci sunan Sule ko Kande, ta ga e a ƙarshe, ƙa'idarta ta ce mata wannan e ba a furta shi, sai ka ji “Sul” da “Kand”. Akwai kuma wanda ya fi ban haushi, inda na'urar ba canke ma take ba, tana da tabbaci. Ka rubuta Sale kana nufin mutum, ita kuwa ta leƙa ƙamus ta ga kalmar nan tana nan daram da ma'anar sayarwa, ta karanta maka “sel” hankalinta kwance. Haka za ta yi wa dare, haka za ta yi wa SAW in ta gan shi bayan sunan Annabi. A ƙamus ɗinta ba ta yi kuskure ba, kalmar wani harshe ce ta yi kama da tata.

To mene ne shigar da furuci na kanka?

Wani ƙaramin ƙamus ne naka da kake ajiyewa a gaban babban, ka ce wa manhajar ta fara duba naka tukuna. Kowace shigarwa gida biyu ce, yadda kalmar take a rubuce da abin da kake so ya fito. Iyakarsa ke nan. Kamar 'yar takardar nan ce da ake miƙa wa mai karanta labarai kafin ya shiga situdiyo, an rubuta masa sunan baƙon da yadda ake faɗarsa. Takardar ba ta mayar da shi mai jin harshen baƙon ba, kawai ta hana shi jin kunya a kan wannan sunan.

Gida na biyun nan hanya biyu ake cika shi. Ta farko musanya ce, ka ba ta wani rubutun da in ta karanta da ƙa'idarta zai fito kusa da abin da kake so. Sale ya koma “Sah-lay”, ko gajeren suna irin WHO ya koma cikakken sunan Hukumar Lafiya ta Duniya. Wannan kowa zai iya, ba ya buƙatar ilimin komai sai haƙurin gwaji, kuma shi ne abin da masu haɗa bidiyo suka daɗe suna yi da hannu, suna karkata rubutu da gangan har sai muryar ta faɗi daidai. Aibinsa shi ne dabara ce da ta dogara da halin murya ɗaya, ka canza murya sai “Sah-lay” ɗin ya fito wani abu dabam.

Ta biyu ita ce ka tsallake haruffa gaba ɗaya ka rubuta sautukan kansu da alamomin da masana furuci suka tsara. Wannan ta fi daidai ta kuma fi ɗorewa, amma sai ka ɗan yi karatu.

Ina ake rubuta shi?

Ya danganta da ko kai wane ne. Mai gina manhaja yawanci da SSML yake aiki, wani tsarin alamomi da ake cusawa cikin rubutu, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta tabbatar a 2004 ta kuma sabunta a 2010. A cikinsa akwai alamar phoneme ta rubuta sauti, akwai sub ta musanya, akwai say-as ta gaya wa na'ura cewa wannan lambar waya ce ko kwanan wata ne. Amfaninsa gyaran a wurin da ka sa shi kawai yake aiki. Wahalarsa kuma in sunan ya fito sau ɗari sai ka sa alamar sau ɗari.

Don a huta da wannan ne W3C ta fitar da PLS a 2008, wato fayil guda da ke tara duk gyare-gyarenka. Shigarwa ɗaya a ciki ga kamanninta:

<lexeme>
<grapheme>Sale</grapheme>
<phoneme>ˈsɑleɪ</phoneme>
</lexeme>

Layin farko na ciki shi ne rubutun, na biyu sautin. In musanya kake so sai ka sa alias a madadin phoneme. Cikin sabis ɗin da ke mayar da rubutu magana, Amazon Polly na karɓar irin wannan fayil, Azure na Microsoft ma haka, ElevenLabs ma haka, sai dai kowa da sharuɗɗansa kuma a sharuɗɗan nan ne mutane ke faɗawa rami. A Polly ƙamus biyar kawai za ka iya haɗawa a buƙata ɗaya, in kalma ta fito a biyu na farko a jerin ne ke cin nasara, sannan in harshen da ka rubuta a saman fayil ɗin bai zo ɗaya da na muryar ba to ko kallon ƙamus ɗin ba za ta yi ba. A Azure kuwa in ka gyara fayil ka sake gwadawa nan take kana iya jin tsohon furucin, saboda sabis ɗin na riƙe kwafin da ya ɗauka har zuwa minti 15, mutum ya yi ta goge abin da ya riga ya yi daidai yana zaton shi ne bai iya ba.

Wanda ba ruwansa da kod ma yana da nasa. A iPhone, cikin saitin VoiceOver, wato manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo, akwai wajen furuci inda za ka rubuta kalmar, ka rubuta madadinta ko ka faɗa da bakinka wayar ta kawo maka zaɓi. JAWS, mai irin wannan aiki a kwamfuta, na da manajan ƙamus. NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta da Michael Curran ya fara a 2006, James Teh ya zo suka ci gaba tare, dukansu makafi ne 'yan Ostareliya, tana da ƙamus har uku, na gaba ɗaya, na murya ɗaya, da na wucin gadi da ke gogewa in ka rufe manhajar. Gaskiya makafi sun riga kowa sanin wannan harka da shekaru masu yawa, su da ke sauraren na'ura daga safe har dare, sauran mutane yanzu ne suke gano abin.

Bari mu tsaya a kan NVDA ɗin mu ga yadda gyara ɗaya ke haifar da wani. Ka buɗe ƙamus, a gidan farko ka rubuta Sale, a na biyu Sah-lay, ka danna amincewa. Ta faɗi sunan daidai, ka ji daɗi. Jimawa kaɗan kana karanta wani imel sai ka ji ta ce “hol-sah-lay”, ashe kalmar wholesale ce, ka bar zaɓin a kan ta musanya ko'ina ta ga haruffan ko da a cikin wata kalma ne. Sai ka koma ka mayar da shi kan cikakkiyar kalma kawai. Yanzu kuma duk tallan rangwame da ya shigo sai ta kira maka Malam Sale. Ka koma ka kunna bambanta babban baƙi da ƙarami, don ta taɓa mai babban S kaɗai. An samu sauƙi, amma ranar da jimlar Turanci ta fara da wannan kalmar, babban S ne, kuma ga Malam Sale ya dawo. Babu saitin da zai kashe wannan na ƙarshen, sai dai ka zaɓi kuskuren da ka fi iya zama da shi.

Alamomin sauti da tarkunansu

Tsarin da ya fi shahara shi ne IPA, wanda aka fara wallafawa a 1888. Manufarsa kowane sauti na kowane harshe ya sami alama ɗaya tasa. Mai karanta boko zai ga 'yan gida a ciki, don ɓ da ɗ ɗin da muke rubutawa su ne dai alamomin IPA na waɗannan sautuka. Amma kada wannan ya sa ka saki jiki. A IPA harafin j sautin y ɗinmu ne, in kana son j na Jummai sai ka rubuta dʒ. Harafin c ba c na ciki ba ne, namu tʃ ake rubuta shi. Sh kuma ʃ ne. Harafin y a can wani wasali ne irin na Faransanci. Shi kuwa ƙ babu shi a IPA na yanzu, k ake rubutawa da 'yar alama a gabansa, kʼ. Tsawon wasali da alamar ː ake nuna shi. Wanda ya kwafe rubutun boko ya zuba a gidan phoneme yana ganin ya gama, abin da zai fito sai ya fi na da muni.

Saboda wahalar buga waɗannan alamomi a madannai ne John Wells ya tsara X-SAMPA a 1995, wanda ke amfani da haruffan da ke kan kowane madannai, ɓ ya zama b_<, ɗ ya zama d_<, ƙ ya zama k_>. Sai kuma ARPABET na shekarun 1970 wanda CMUdict ke amfani da shi, na Turancin Amurka ne zalla, a cikinsa Sale zai zama S AA1 L EY0, lambobin na nuna gaɓar da ake dannawa. Ba kowace manhaja ke karɓar duka ukun ba, don haka kafin ka zauna rubuta kalma ɗari ka fara duba wanda taka ke ji.

Akwai wani ƙaramin abu da ke cin mutane, na ɓangaren rubutun ba na sautin ba. Na'ura ba kamanni take dubawa ba, lambar harafi take dubawa. Alamar da ke cikin Hauwa'u in miƙaƙƙiya ce lambarta dabam, in lanƙwasasshiya ce irin wadda manhajar rubutu ke canza maka da kanta lambarta dabam, ido na ganin abu ɗaya na'ura na ganin kalma biyu. Haka Ɗanladi da Danladi da D'anladi, uku ne a wajenta. Abin daɗin shi ne PLS ya yarda ka jera grapheme da yawa a ƙarƙashin furuci ɗaya, sai ka zuba duk yadda ka san mutane na rubutawa.

Katanga ta farko: sautin da muryar ba ta da shi

Nan ne maganar “koya mata” ke rushewa. Kowace murya daga rikodin ɗin mutum ko mutane aka gina ta, kuma sautukan da ke cikin rikodin ɗin su ne jarinta. Muryar da aka gina da Turanci ba ta taɓa jin ɗ ba, ba ta taɓa jin ƙ ko ts ba. Ka rubuta mata ɗ a IPA tsaf yadda ya kamata, ɗayan uku za ta yi, ko ta ƙi karɓar fayil ɗin, ko ta tsallake sautin, ko ta saka d ta wuce abinta. Shi ya sa kamfanonin ke wallafa jadawalin sautukan da kowane harshe ke karɓa, kuma duk abin da ba ya cikin jadawalin nan ɓata lokaci ne. Ka lura ma a misalin sama ˈsɑleɪ na rubuta, wanda ba shi ne ainihin yadda Bahaushe ke faɗin Sale ba, shi ne dai mafi kusa cikin kayan da muryar Turanci ke da su.

Karin sauti kuwa ya fi haka nisa. Turanci danna gaɓa yake yi, Hausa da Yarabanci da Sinanci hawa da saukar murya suke bambanta ma'ana da shi. IPA na da alamomin rubuta karin, amma rubuta su ga muryar da ba a gina ta da kari ba ba zai sa ta yi ba. Ana iya ɗan taɓa kaifin murya da SSML gaɓa bayan gaɓa, na ga masu naci suna yi, amma aikin ya fi ƙarfin ribar in rubutun ya wuce 'yan layuka.

Katanga ta biyu: ƙamus ba ya karanta jimla

Ko da an ba ka murya ta Hausa ta gaske mai duk sautukan, wata matsalar na nan, kuma wannan daga rubutunmu take. Boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna kari. Kuka na hawaye, kuka bishiya, da kuka na “ku ne kuka zo” duk rubutu ɗaya ne, furuci uku. Wuya na jiki da wuya ta wahala. Fari launi, fari na rashin ruwan sama, fari na farawa. In aka haɗa da ɗabi'ar rubutu a waya ba ƙugiya sai abin ya ƙaru, baki ya zama na magana, ya zama launi, ya zama waɗanda suka zo daga nesa. Mai karatu ba ya ko lura da wannan don jimlar na gaya masa wanne ne tun kafin ya kai ƙarshe. Ƙamus kuwa kalma ɗaya yake gani, ba ya waiwaye ba ya hange.

Kuma ba a sunayen abubuwa kaɗai abin ya tsaya ba, ya shiga nahawu. Ka ɗauki “ya tafi”. In labari kake bayarwa cewa mutumin ya riga ya wuce, ya ɗin dogo ne muryar na sama. In umurni ne, “ce masa ya tafi”, ya ɗin gajere ne muryar na ƙasa. Wace shigarwa za ka yi wa kalmar ya a ƙamus? Duk wadda ka zaɓa ka ɓata rabin jimlolin littafin. Turanci ma na da irin wannan, read na yanzu da read na jiya, amma nasu 'yan kaɗan ne kuma an daɗe da gina musu manhajar da ke tantance aikin kalma a jimla, har Polly na da alamar da za ka ce mata wannan aikatau ne na lokacin da ya wuce. A Hausa abin a kowane layi yake. Maganinsa sai dai manhajar da ke fahimtar jimla ta saka kari da tsawo da kanta kafin a kai ga murya, ko kuma mutum ya bi rubutun ya sa alama da hannu wuri bayan wuri.

Lambobi ma mutane na ƙoƙarin gyara su ta ƙamus, nan ma ba gidansu ba ne. 10/11/2024 a Amurka watan Oktoba ne, a Ingila Nuwamba, ba shigarwar da za ta raba wannan, aikin say-as ne ko ka rubuta watan da kalma ka huta.

Sababbin muryoyi sun fi daɗi, sun kuma fi taurin kai

Wani abin da zai ba ka mamaki, tsofaffin muryoyin nan masu ƙarar ƙarfe irin eSpeak sun fi biyayya. Komai nasu a fayil ɗin ƙa'idoji da na jerin kalmomi yake, ka buɗe ka gyara ka sake harhaɗawa, abin da ka rubuta shi za ka ji. Daga WaveNet na DeepMind a 2016 da Tacotron na Google a 2017 ne lissafi ya canza, aka koma muryoyin da ke koyo daga tarin rikodin, wasunsu ma daga harafi suke wucewa kai tsaye zuwa sauti, babu matakin tsakiyar nan da ake rubuta sautuka. To in babu matakin, ina za ka cusa gyaranka? Shi ya sa a wasu dandamali alamar phoneme ke aiki a kan wasu muryoyi ta ƙi aiki a kan wasu, ElevenLabs da kansu sun bayyana cewa wasu samfuransu kaɗai ke karɓarta, sauran sai musanya. Sannan wasu daga cikin sababbin na iya faɗin suna daidai a sakin layi na farko su canza shi a na biyar, saboda akwai ɗan canke a cikin yadda suke ƙera sautin kowane karo.

A ɓangaren harsuna irin namu, a 2023 kamfanin Meta ya saki tsarin MMS mai muryoyi a harsuna sama da 1,100, da Hausa a ciki, kuma an gina shi ne da rikodin ɗin karatun Sabon Alkawari saboda shi ne abin da ake da shi a rubuce da kuma a murya cikin harsuna masu yawa haka. Ci gaba ne babba, amma ka yi tunanin kalmomin da irin wannan rikodin bai taɓa ƙunsa ba, sunayen magunguna, na 'yan ƙwallo, na manhajoji. Buƙatar gyara tana nan, ƙofar shigar da gyaran ce ta ƙara ƙunci.

Wa ya kamata ya ɗauki wahalar?

Masu kare kamfanoni na cewa ba zai yiwu wani ofishi ya san furucin kowane suna a duniya ba, mafi adalci a ba kowa damar gyara nasa. Akwai hujja a nan, don suna ɗaya ma mutum biyu na iya faɗarsa dabam, kuma mai sunan ne ke da ta cewa. Masu suka na cewa wannan ɗora wa mai amfani aikin kamfani ne, wani ya sayi sabis ya kama aiki, wani ya sayi wannan sabis ɗin a kan kuɗi ɗaya ya fara zaman rubuta ƙamus, sannan dubban mutane kowa na gyara suna iri ɗaya a ɗakinsa ba wanda ke amfana da na wani.

Ni dai a ganina kowa na da gaskiya a kan abu dabam. Sunan mutum, sunan kamfani, kalmar sana'a, waɗannan kam na mai amfani ne, ba laifi a bar masa. Amma rashin ɗ da ƙ a murya, ko rashin kari, wannan ba abin da za a ce wa mutum “je ka gyara a saiti” ba ne, sai an yi rikodin da masu harshen an gina murya. In aka cakuɗa biyun sai kamfani ya riƙa nuna maka akwatin ƙamus kamar ya sauke nauyi.

Akwai kuma batun karin harshe da ba a cika tadawa ba. Duk wanda ya rubuta ƙamus ɗin da mutane da yawa za su yi amfani da shi ya zaɓar musu furuci ɗaya ke nan. Sautin f kaɗai a Hausa ya ishe ka misali, wani da leɓɓa biyu yake hura shi, wani ya kai shi kusa da p, wani ya mayar da shi h ko hw. Duk wanda aka sa a fayil shi yara masu koyo da baƙin harshe za su riƙa ji kullum a matsayin daidai.

Abin da ya shafi mai amfani na yau da gobe

Ga makaho gyaran furuci ba ado ba ne, bambanci ne tsakanin gane wanda ya turo saƙo da tsayawa a bi sunan harafi-harafi. Ga mai haɗa bidiyo ko littafin saurare mutunci ne, mai sauraro na yafe murya mai sanyi amma ya ji an kwaɓa sunan da ya sani sai ya daina yarda da sauran bayanin. Inda abin ya fi haɗari shi ne sanarwar asibiti da sunayen magunguna da lambobin asusu, a nan bai kamata a saki komai ba sai mutum mai jin harshen ya saurara daga farko har ƙarshe.

In za ka fara naka, kada ka zauna kana tunano kalmomi daga kanka. Ka ba muryar ainihin rubutun da za ka yi aiki da shi, ka saurara da biro a hannu, ka rubuta inda ta yi tuntuɓe, ka fara da waɗanda suka fi maimaituwa. Kowace kalma ka tambayi kanka shin kullum furucinta ɗaya ne? In e, ta shiga ƙamus. In yana canzawa da jimla, a cikin rubutun za ka gyara ta da SSML ko ka sake tsara jimlar. Ka gwada kalmar a farkon jimla da tsakiya da ƙarshe, da kuma lokacin da aka liƙa mata ɗafi, don shigarwar Sale ba za ta kama Salen ba, wannan sai ka ƙara masa tasa dabam. Ka rubuta wa kowace shigarwa ɗan bayanin dalilin da ya sa ka yi ta da muryar da ka gwada ta a kai, NVDA ma ta tanadi gidan sharhi don haka. Sannan ka ajiye kwafin jerin a waje da manhajar, a fayil na rubutu zalla da aka adana a UTF-8 don kada ƙugiyoyin su koma alamar tambaya, saboda ranar da kamfani ya sabunta muryar ko ka koma wani sabis ɗin za ka sake bin shigarwar ɗaya bayan ɗaya, wasu ka tarar sabuwar muryar ta riga ta iya su, gyaranka ne ma yanzu ke ɓata su, sai ka cire.